Gazali da Injin Samari

Gazali mutumin Urafan ne, gajere mai faɗin kafaɗa, kuma tun yana saurayi yasar rijiya ce sana'arsa. Allah ya jiƙansa, ko faɗa yake yi sai ka ga kamar dariya za ta kuɓuce masa. Da furfura ta fito masa, masu yasar rijiya na ƙasar Tasawa da Mayahi suka ba shi shugabancin ƙungiyarsu. Ba su da biro, wato ofis. Ran kasuwa suke zama a gindin gawo, a raba aiki, a duba igiyar kowa.

Sannu a hankali tabarmar ta fara yi musu yawa. Samari sun daina zuwa, ta waya suke karɓar aiki. Abin yana cin Gazali, don ya san in suka ware, ba mai duba musu igiya. Har saƙon murya ya koya don ya riƙa kiransu.

Ranar da suka zo, Fahad ɗan ƙanwarsa ne bakinsu.

"Kawu, mun gaji da kwashe ruwa da guga kamar zamanin kakanni. Ko a yarda da motopom, injin jan ruwa, ko mu kafa tamu ƙungiya."

Hashim, abokin Gazali mai riƙe masa igiya, ya ce, "Ji ɗan nema! Jiya-jiya kake fitsarin kwance."

Aka yi dariya, ban da Gazali. Rijiyoyin ƙasar nan zurfi gare su, injin ba ya jan ruwa daga sama, sai an zura shi ciki yana aman hayaƙi. Ransa bai kwanta ba. Amma ya dubi samarin, kowa hannu a kan makullin babur, ya ce, "Na yarda."

Al'adar ƙungiyar ita ce, duk sabon abin da aka shigo da shi, shugaba ke fara sauka da shi.

A wani ƙauye na Isawan aka gwada, da hantsi. Injin ya yi ta ruri a ƙasa har ruwa ya ƙare, aka jawo shi. Tsuntsayen da ke da sheƙa a bangon rijiyar sun fice, ba su dawo ba. Gazali ya leƙa. Warin esans, man injin, ya doki hancinsa.

"Bari ta sha iska, tsoho," in ji Hashim.

Suka sha shayi. Samari na ta duba waya, ɗaya ya ce da guga ma da yanzu an gama. Fahad ya miƙe zai ɗaura igiya a ƙugunsa. Gazali ya karɓe ta a hankali.

"Ba kai ba, ɗana."

Ya yi bismilla ya sauka. A ƙasa laka ta yi masa sanyi a ƙafa, kansa ya yi nauyi, barci mai daɗi ya fara ɗibarsa. Hashim ya kira sunansa, ya sake kira. Da suka jawo shi, rai ya yi halinsa, fuskarsa lumui, ba ko ƙwarzane.

Wayyo Gazali. Ba saurayi ko ɗaya da ya bar ƙungiyar. Har yau kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya tambayi abin da za a yi da injin, ga rani ya matso, ƙauyuka sai kira suke.