Ƙyallaye Biyar a Bayan Mahaifin Kaka

Mun tashi da asuba daga unguwarmu mai suna Jamaica, ni da tsohuwar da nake aikin kula da ita, da wani hoto a jakata wanda na naɗe cikin mayafi. Baturiya ce 'yar asalin Jamus, ta haura tamanin. Kaka nake kiranta, har ta saba tana amsawa.

Hoton ne ya fara ɗaukar idona ranar da na kama aiki a gidanta. Saurayi ne da hular sojan ruwa, tsaye a kan ɗan ƙaramin jirgin yaƙi mai nutsewa ƙarƙashin teku, ga ƙyallaye biyar suna lilo a igiya a bayansa. A kife na same shi cikin durowar magani. Ni da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, nan take na tsara labarin: masoyinta ne, yaƙi ya raba su, ta ƙi aure har abada. Har hawaye na yi musu. Sai da na yi wata uku ta ce min, "Babana ne, yarinya. Kuma aurena biyu."

Tana budurwa aka gaya mata cewa masu irin wannan jirgi, in sun dawo tasha, ƙyalle ɗaya suke ratayawa don kowane jirgin da suka nutsar. Ta ƙirga biyar. Ta bar ƙasar, ba ta ƙara yi masa magana ba. Yanzu da likita ya ce zuciyarta ta gaji, sai ta dage tana son sunayen jiragen, ta yi wa mutanen ciki addu'a kafin ta tafi. Aka yi mana kwatancen wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa a unguwar Tompkinsville da ke tsibirin Staten Island, mai tattara tarihin jiragen yaƙin duniya na biyu, muka aika masa lambar da ke bayan hoton. Ni dai tsorona ɗaya, kada zuciyar ta kasa ɗaukar abin da zai faɗa.

Jirgin ƙasa cike yake da ma'aikatan filin jirgi masu gyangyaɗi. A tashar Canal Street muka sauka don canza jirgi, Kaka ta ce sai ta sha iska. Wani ɗan Nijar mai shimfiɗa jakunkuna ya ji ina waya da Hausa, ya ce, "Hajiya, wannan kakar taki ce? Ai ba ku yi kama ba!" Na ce, "Ita ta biyo dangin uwa." Ya yi dariya har ya manta bai yi mana talla ba.

Jirgin fito zuwa Staten Island kyauta ne, abin da har yau yake ba ni mamaki a garin da ko ruwan sha sai ka biya. 'Yan yawon buɗe ido suka yi gefe guda suna ɗaukar hoton wani ƙaton gunkin mace mai ɗaga fitila da ke tsaye a tsakiyar ruwa. Kaka kuwa ruwan kawai take kallo, ta riƙe hannuna gam. Na laluba jaka na tabbatar ƙwayar maganin zuciyarta na kusa.

Tsohon ya karɓe mu a ɗaki mai warin tsoffin takardu. Ya ce jirgin na cikin ƙananan da aka ƙera don bakin teku, ba sa nisa, kuma don ƙanƙantarsa aka mayar da shi na koyar da sababbin sojoji. A nan ya ƙare zamaninsa, ya fita da ɗalibai ya dawo da su. Da yaƙi ya zo ƙarshe, ma'aikatansa suka fito suka nutsar da shi da hannunsu. Babu jirgi ko ɗaya da ya harba.

Kaka ta buga sanda. "To ƙyallayen fa? Ba makauniya ba ce ni."

Ya ɗora gilashin ƙara girma a kan hoton, ya daɗe, sannan ya miƙa mata. "Baiwar Allah, duba da kyau. Safa uku, singileti biyu. Cikin jirgin nan kullum a jiƙe yake, da sun ga rana sai shanya."

Ta duba. Ta sake dubawa. Kafaɗunta suka fara rawa, na zabura da ƙwaya a hannu, ashe dariya ce ta haɗu da kuka. "Safa," kawai take maimaitawa.

Tsohon bai ɓoye mata sauran ba. Ya ce waɗanda aka koyar a jirgin sun fita sun yi ɓarna, kuma gwamnatin da suka yi wa aiki kowa ya san ta'asarta. Ta gyaɗa kai ta ce wannan ta sani, kuma za ta yi addu'ar duk da haka.

A wani shagon 'yan Gana na sayi shinkafa da wake mai yaji. Kaka, matar da ba ta gama rabin faranti, ta cinye nawa, tana hawayen barkono.

Mun iso gida bayan la'asar. Na lura ni da ita laifinmu ɗaya: kowa ta kalli hoto ta rubuta labarinta, babu wadda ta tambayi mai hoton. A daren da ya gabata ba ta runtsa ba, amma maimakon ta kwanta sai ta ce in jingina hoton a kan tebur, in kuma sauko da wani gwangwanin biskit daga saman kabad.

Mahaifin nata, ta ce, ya yi shekaru masu yawa bayan yaƙi yana gyaran keke a wani ƙaramin gari. Duk ranar haihuwarta sai ya aiko wasiƙa, har ya rasu. Suna cikin gwangwanin, ko ɗaya ba a buɗe ba. Ta sa tabarau, ta miƙo min ta farko ta ce, "Yage min bakin."