Jirgin da Na Fafe da Kuka

Shekarar da Nasara suka kwashe mazan ƙauyenmu zuwa aikin diga, ko mai fito ba su bari ba, jirginsa kuma ya bi ruwa. Ni suka tsallake saboda shanyayyiyar ƙafata. Gonata tana ƙetaren kogin Ringim, ga damina ta kankama, sai na ce zan sassaƙa nawa jirgin.

Ni mutumin Dutse ne, zama ne ya kawo ni bakin ruwa. A garinmu turmi da akushi muka iya sassaƙawa. Na sami wata kuka da iska ta kayar a bakin gaɓa, na sa mata gizago, na ji yana shiga kamar a kabewa. Na yi ta murna, ina cewa masu neman maɗaci wahalar da kansu kawai suke yi. Na fafe cikinta, na fitar da wurin zama biyu, ban san don wa ba. Na yanko gorar tuƙi, na ɗaura tsohuwar ƙwarya don kwarfar ruwa.

Ranar farko jirgin ya ɗauke ni kamar abin kirki. Da ya kwana biyu a kogi sai ya sha ya ƙoshi, ya kwanta cikin laka kamar gajiyayyiyar saniya. Ashe itacen kuka soso ne, kowane masunci ya san haka.

Na tsaya a gaɓa ina jiran wani ya fashe da dariya, in zage shi in huce. Na waiwaya hagu da dama. Babu kowa.