Mai Sace Iskar Taya

A gidan mai na ƙarshe kafin gandun dajin bakin teku, Narelle mai sayar da mai tana kallon wani dattijo durƙushe gaban motarsa. Rana ta gasa ƙeyarsa jawur, ga tanti da kujeru biyu ɗaure a saman motar. Iskar taya yake sacewa, yadda ake yi kafin a hau yashi. Hannun nan, a ganinta, na tsohon makanike ne, amma sai lalube yake.

"Baba, ai yashin sai ka yi kilomita arba'in," in ji Narelle.

"Koyo nake, 'yata, kusa da famfon iska. Shekara talatin aikin mai ɗakina ne."

Wata tsohuwa, matar tasa, ta leƙo ta tagar motar. "Ya isa, Merv! So kake mu zauna a kan ƙarfen taya?"

Ya kashe wa Narelle ido, ya rage murya. "Tun da aka yi mata aikin gwiwa ta ƙi taka ƙasa. Shi ne na ce mata ban iya ba."

Ya ƙara sakin iskar. Sai ga ƙofar motar ta buɗe, tsohuwar ta zuro ƙafa ƙasa.