Tsirkiyar da ta Tsinke a Tsafe

Jiya ɗana ya juye wani tsohon kaset a waya, sai ga garayar Kawu, yayan mahaifiyata, ta cika ɗakin. Ya daɗe da rasuwa, amma nan take na gane hannunsa.

Kawu ba ya waƙa, ba ya wasa kowa. Shi kaɗai yake zama, ya lumshe ido, yatsunsa su nemo hanya. Bai taɓa maimaita kiɗan jiya ba.

Ina wurin ranar da aka ɗauki kaset ɗin, a wani dandali a Tsafe bayan la'asar, ga ƙamshin tsire, jama'a sun yi tsit. Kiɗa ya yi nisa, sai ɗaya daga tsirkiyoyin biyu ta tsinke, tas! Mai ɗaukar sauti, wani mutumin Gusau, ya ɗaga hannu.

"Baba, a gyara, a sake daga farko."

"Mi za a sake?" in ji Kawu. "Bar na'urarka ta yi aikinta."

Ya ci gaba da tsirkiya guda, gumi na ɗiga daga gemunsa, har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Ɗana ya ce zai goge wurin tsinkewar da kwamfuta, kiɗan ya fito sumul. Na ce kul! Duk wanda ya taɓa wurin nan, ni da shi ne. Abin da Kawu ya ƙi yana raye, ba za a yi masa shi yana kabari ba.

Allah ya jiƙansa, ya karɓi aikinsa har da inda ya tsinke.