Tef ɗin da Ya Yi wa Tela Ƙarya

Duk layin, da sunan Mama Tela suka san ta. Shagonta ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, keken ɗinki a bakin tagar, ƙyallaye a ƙasa kala-kala, ga wata fanka da ke juyawa kamar ba ta so. Shekara talatin tana auna mutane, kuma a duniya ba abin da ta yarda da shi kamar tsohon tef ɗinta na yadi da ke rataye a wuyanta. Sikelin asibiti kuwa, cewa take yi ba shi da kunya.

Tana da wata ɗabi'a. In aiki ya lafa da rana, sai ta jingina, ta naɗe tef a hannuwa biyu tana ja tana saki, idonta a kan wata shuɗiyar riga da ke jikin bango. Ita ce rigar farko da ta ɗinka wa kanta. Tana kallonta sai ta ga kanta siririya, tana tsallaka titi, iska na wasa da hannun rigar, masu mota suna rage gudu.

Da ciwon suga ya kama ta, likita ya rubuta mata magani, ya ce ta rage ƙiba, ta riƙa tafiya a ƙasa. Maganin na murɗa mata ciki, tafiyar kuma wa zai bar keke? Ana nan sai wata mai kawo mata ɗinki ta ba ta kwalbar ƙwayoyin kuromiyam, ta ce suna narka teɓa kamar kitse a wuta. Mama Tela ta fara sha. Duk mako ta zagaya tef a ƙugu, ta rubuta lambar da alli a bayan ƙofa. Arba'in da huɗu. Arba'in da uku da rabi. Bayan wata huɗu, arba'in da biyu. Ranar nan ta jefa maganin likita cikin gwangwanin maɓallai ta rufe.

Ƙanwarta, autar gidansu, nas ce. Ta biyo ta shagon bayan ta tashi aiki, tana neman maɓalli, sai ta ci karo da maganin.

"Yaya, wannan kuma wace riga za ki ɗinka wa?"

"Na gama da shi, Auta. Dubi bayan ƙofa. Inci biyu na zubar."

"A ina kika zubar da su? Ni dai ga su nan ina gani."

"Idonki ne, irin na sikelinku."

Auta ba ta yi musu ba. Ta zare tef ɗin daga wuyan yayarta, ta shimfiɗa shi a kan rular ƙarfe da ke manne a teburin yanka. Inda rula ta ce talatin da shida, tef bai kai talatin da biyar ba. Jan da ake masa kullum ya sa ya miƙe. Masu kawo ɗinki ba su taɓa ganewa ba, tunda da shi ake auna su, da shi ake yanka.

Mama Tela ta daɗe tana kallonsa.

"Har kai?" ta ce a hankali.

"Ƙwayoyin nan, Yaya, ko sun rage wa mutum nauyi, ɗan kaɗan ne, wasu ma ko gezau. Sugan kuwa ba ya jiran kowa."

Mama Tela ta buɗe gwangwanin da kanta, ta sa Auta ta miƙo mata ruwa. Ta yarda gobe za su je a auna jininta, a ƙasa, ba a mota ba.

Bayan Auta ta tafi, Mama Tela ta sauko da shuɗiyar rigar ta juya cikinta. Sai ta yi murmushi. Yarinyar da ta ɗinka ta ta bar rarar yadi inci uku a kowane gefe, kamar yadda take bar wa kowa har yau. Ta gwada da ido, ta ga ko an saki duka da sauran tafiya kafin rigar ta shige ta. Ta gyara zama a hasken taga, ta ɗauki reza, ta fara farke ɗinkin zare ɗaya-ɗaya.