Hashiyar Baba a Fuskar Waya

Baba yana da littafi guda da ya ƙarar da rayuwarsa a kai, na rabon gado. Asalin matanin na malaminsa ne, wani dattijon Bunkure da ya rasu tun ban san kaina ba. Abin da yake na Baba shi ne hashiya, bayanan da ya riƙa rubutawa a gefen shafi duk sanda magada suka kawo masa rigimar fili a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani. Da na dawo daga jami'a ni na buga masa shi da LaTeX, manhajar da muka koya a sashen lissafi, don ita ce ke jera sulusi da sudusi da sumuni ba su hau kan juna ba. Ya fito tsaf, matani a tsakiya, hashiya a gefe, kamar littattafan da ya saba.

Sai hawan jinin ido ya kama shi. Takarda ta gagare shi, tabarau ya gaza. Na saka masa littafin a waya, amma shafin kafaffe ne, in ka ƙara girman rubutu sai ka yi ta jan layi hagu da dama. Ya ajiye wayar a kan buzu ya ce, "Uwata, wannan ai wahala ce." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce zan mayar da littafin shafin intanet, inda rubutu ke bin faɗin waya komai girmansa. A zatona aikin yini guda ne. Ina! Manhajar farko da na gwada ta juya Larabcin baya, ayar gado ta koma farawa daga hagu. Ta biyu ta gyara Larabci, ta mayar da kason magada tarkacen alamomi. Wata sai ta tsaya cak ta ce akwai kuskure a layi kaza, ka je layin ka ƙura ido, lafiyarsa lau. Ga wuta ba ta zama. In na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in wuce injin casar shinkafar yayana a Kura, in raɓe kusa da janareta, dusa tana shiga tsakanin madannai, ƙara tana cin kunnena. Wallahi zagin da na yi wa kwamfutar nan ban taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Sai da kwandunan tumatir suka fara cika bakin titi na gama. Na kai masa bayan la'asar ina ji da kaina. Ya kai wayar dab da hancinsa yana karantawa, yana gyaɗa kai. Can sai ya tsaya.

"Wa ya faɗi wannan?"

Na leƙa. "Kai ne, Baba."

"To me ya kai shi bakin Malam?"

Shafin waya ba shi da gefe, don haka manhajar ta kwashe hashiyar duka ta zuba cikin matani, rubutu iri ɗaya. Na gani tun a injin, na ce ai ma ya fi daɗin karatu. Baba ya ce in wani ya raba gonar marayu da maganarsa, ta zo ba daidai ba, wa za a ɗora wa? Mutumin da ke kwance a kabari, wanda bai faɗa ba? Na ce, "Haba Baba, kai kaɗai fa za ka karanta." Ya ce abin da ya hau intanet ba shi da kai kaɗai. Ya miƙo mini wayar.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita ko sallama ban yi ba, ina cewa a zuciyata tsohon nan bai san abin da na sha ba. Haushin da ya fi ci na shi ne gaskiya gare shi.

Na koma injin. Babu manhajar da ta san hashiya, dole na bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ina sa kowace a akwatinta mai launi daban, da kalmar "hashiya" a kanta. Na gyara wannan, wancan ya ɓalle. Aka kwashe albasa, aka yi dashen shinkafa, ina nan ina fama. Baba kuwa ya daina zuwa gona, sai da jagora yake zuwa masallaci. Ina gani, ina sauri, aikin yana ja da baya.

Ranar da na kammala na same shi a zaure shi kaɗai. Na buɗe shafin farko, na ƙara girman rubutun har kalma biyu suka cika fuskar wayar, na ƙure haskenta, na sa masa a hannu. Na ce, "Baba, ga shi. Na Malam daban, naka daban."

Ya kai ta kusa da ido. Ya matsar da ita dama, ya dawo da ita hagu, ya daɗe a haka. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Uwata, kin kunna ta kuwa?"