Alawar Atika

A unguwarmu ta Tsibiri, in za a yi biki ko suna, ba a tambayar wa zai yi gayya. Atika ce. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata, don haka na san ta ciki da bai. Sana'arta kwaɗon zogale: ɗan kabu-kabu ya kawo mata ganye daga lambunan Jiratawa, ta dafa, ta kai Maraɗi ta sayar a bakin tasha. Amma da ƙafa aka fi saninta. Ki ba ta ledar alawa da safe, kafin la'asar ta shiga kowane gida, ta miƙa wa kowace mace tata, ta faɗi rana, ta wuce. Ba ta dogon bayani, don a wurinmu alawar ita ce bayanin.

Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Hidaya, yarinya mai kai, ga shiru kamar ba Atika ta haife ta ba. Ta shiga jami'a a Maraɗi, sai ta dace da wani tallafin karatu, bursi suke ce masa, na ɗaliban da ake koya wa wayar da kan jama'a game da haƙƙin ɗan ƙasa. Shi ya ɗauke wa Atika nauyin da kwaɗo ba zai iya ba. Sai dai da sharaɗi: kafin shekara ta ƙare, kowane ɗalibi ya tara mutanen unguwarsu a tattauna abin da ya dame su, malami ya zo ya gani da idonsa. Wanda ya kasa, a ba wani gurbinsa.

Hidaya ta gwada. Ta tura saƙo ta waya, ta aro kujeru, kujerun suka yini suna kallon juna. Wa zai bar wanki don a wayar masa da kai? Malamarta, Madam Ruhama, ta ce za ta sake zuwa sau ɗaya, daga nan kuma ba ta da ta cewa.

Da Atika ta ga yarinya ta daina cin abinci, sai ta ce ta bar mata gayyar. Ta sayi alawa ta bi gida-gida yadda ta saba, tana cewa Asabar da hantsi, gidanta, sha'anin Hidaya ne.

To, don Allah, mace ta kawo miki alawa ta ce sha'anin 'yarta budurwa, me za ki ɗauka? Muka yi ta tsegumin wane ne angon, har aka laƙaba wa wani malamin asibiti da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na sa lalle, na fito da atamfata ta ƙasan akwati, na sayi bokiti sabo fil na gudummawa.

Ranar Asabar gida ya cika har zaure, ƙamshin turare na tashi. Da mota ta tsaya Madam Ruhama ta fito, wata ta ce ga uwar ango, aka ɓarke da guɗa. Baiwar Allah ta tsaya tana murmushi, ta ɗauka haka muke tarbar malamai.

Hidaya ta miƙe ta ce yau za mu yi magana kan sharar da ta toshe magudanar ruwan unguwa. Can wata tsohuwa ta tambaya ko sai an gama wannan za a shigo da lefe.

Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa. Na suri bokitina, wasu suka fara laluben takalma, idon Hidaya ya ciko da hawaye. Sai a lokacin Atika ta gane ɓarnar da alawarta ta yi. Ta dafe ƙirji, sannan ta riga kowa isa ƙofa ta tare ta da hannu biyu.

"Wallahi ban yi nuhin ruɗinku ba, ni gayya guda ɗai na iya," in ji ta. "Amma wace ce cikinku ban yi ma yawon alawa ba? Kowa ta ci alawa ta san ba a tashi sai an shahwa hwatiha. Karatun ɗiyata na bisa zamanku. Ku zamna."

Kunya ta kama ni, ni da na tsotse tawa har da ta jikana. Na koma na zauna a kan bokitin.

Da farko gunaguni aka yi ta yi. Amma magudanar nan ba wadda ba ta ciki da ita, don kowace damina sai ruwa ya shigo mana ɗaki. Hidaya ta ce muna da haƙƙin zuwa ofishin magajin gari da ƙafarmu a saurare mu, ba sai mun jira maza ba, ta kuma ce sharar dai ba aljanu ke zuba ta ba. Nan wuri ya kaure, kowa na tona wa maƙwabciyarta asiri. Yarinyar da ba a jin muryarta sai ga ta tana tsawata wa sa'o'in uwarta, a ɗaga hannu, a yi magana bi da bi. Kuma muka bi. Madam Ruhama ma ta ajiye biro ta shiga gardama, ashe layinsu haka yake. Har azahar ta gota ba wadda ta tuna da ango. Muka zaɓi matan da za su je ofis, ni ce kan gaba, tunda ga lalle ga atamfa.

Da aka shafa fatiha, Madam Ruhama ta je wurin Atika, wadda tun ɗazu ba ta bar bakin ƙofa ba, ta rusuna ta kama hannunta.

"Inna, ki buɗe ƙofa hakanan," in ji ta. "Hidaya za ta koma aji baɗi."

Atika ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, murya ta ƙi fita, sai hawaye. Muka yi mata.